Keken Suruki Ba Birki

A layinmu akwai wani mai aski da muke kira Ba-Wuya. Sunan ba mu muka ƙirƙira ba, daga bakinsa muka tsince shi. Ka ce masa an yi wa wani aikin zuciya, zai ce ai ba wuya, buɗewa ce a rufe. Ka ce masa jirgi ya sauka cikin hadari, zai ce ba wuya, matuƙan ne ke son a riƙa jin tsoronsu. Duk wannan ilimi a gindin bishiya yake zubar da shi, domin nan ne wurin aikinsa: kujera mai ƙafa uku da rabi, madubi rataye a ƙusa, da wayar wuta da ya jawo daga shagon Mai Walda. Ni kwastomansa ne, ba don iyawarsa ba, sai don kusa.

Burinsa ɗaya ne a duniya, shagon da ke gaban gidan surukinsa. Ɗaki ne mai kyau, da ƙofar ƙarfe da silin da fanka, ya daɗe a kulle. Surukin, wanda duk layin ke kira Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma mutum ne da ba ya magana biyu. Yana da wani baƙin keke da ya raba wasiƙu a kansa duk tsawon aikinsa, wanda yake gogewa da safe kafin ya wanke fuskarsa. Da Baba ya zame a banɗaki ya karye, asibiti suka naɗe masa ƙafa da siminti, sai ya aika aka kira masa mijin 'yarsa.

"Keke ba ya son zama," in ji Baba. "Ka riƙa hawansa har in warke. Ran da aka cire mini simintin nan, ka dawo mini da shi yadda na ba ka, ni kuma in ba ka makullin shago. Wanda ya riƙe keke zai riƙe ɗaki."

"Baba, ai ba wuya."

Matarsa ta ce tun daga wannan amsar gabanta ya faɗi, don ta san mijinta.

Ba a jima ba wani ya zo aski ya nuna masa bidiyo a waya. Wasu samari ne a kan wani irin keke da fedarsa da tayar bayansa suke haɗe. Taya ta juya, feda ta juya. Ka taka baya, keken ya yi baya. Babu birki, babu hutawa. Suna tsayawa cak a kansa ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, suna tafiya da baya, suna danne feda taya ta ja ƙii. Ba-Wuya ya kalla har sai da cajin wayar mutumin ya ƙare.

"Shi ke nan," ya ce da mu. "Ran buɗe shago da baya zan shigo layin nan. In tsaya cak a bakin ƙofa, in yi wa mutum na farko aski ina kan keke. Daga ranar wa zai sake kai kansa wani wuri?"

Na ce, "Keken Baba ne fa."

"Ƙara masa daraja zan yi. Wanda aka ba ajiyar kaza ya mayar da talotalo, ai ba a ce ya ci amana ba."

Mai gyaran keke ya kore shi tun kafin ya gama bayani, don ya san keken ya san mai shi. Sai Ba-Wuya ya tura keken wurin Mai Walda. Ya nuna masa filawul, wato ɗan faifan nan mai haƙora na tayar baya, mai yin ƙar-ƙar-ƙar in ka daina takawa keke na gudu da kansa. Ya ce a liƙe masa shi.

"Ka san dai ni ƙofa da taga nake yi," in ji Mai Walda.

"Ƙarfe ai ƙarfe ne."

"Abin da na liƙe fa ya liƙu. Akwai wanda na yi wa ƙofa makullinsa ya ɓace, sai bango suka fasa."

"Irin aikin da nake so ke nan."

Aka liƙe. Da ya ga aiki ya yi kyau sai hannunsa ya buɗe. Ya cire birki gaba da baya, ya ce birki na matsorata ne, ya rataye ƙarafunan a bishiya yana shanya tawul a kai. Ya cire madigadi, murfin nan na taya mai tare taɓo. Ya ɗaga sirdi har sai da ya zama in ya hau, ƙasa sai dai ya hango ta. Kariya, wurin ɗaukar kaya na baya, da fitila kaɗai suka tsira, su ma don notinsu ya ƙi kuncewa ne.

Hawan farko muna zaune wurin Mai Shayi ya zo wucewa. Ya ɗaga mana hannu, ya daina takawa kamar yadda kowa ya saba in zai yi gaisuwa. Keken bai san da wannan ba. Feda ta ɗaga shi sama ta dire, ƙafafunsa suka zame, ta bi ƙwaurinsa da duka ba ƙaƙƙautawa. Kafin ya kai ƙarshen layi sarƙa ta kama bakin wandonsa ta haɗiye har gwiwa. Ya koma gida da wando mai ƙafa ɗaya da rabi.

"Ina sauran wandon?" in ji matarsa.

"Masu irin wannan keken haka suke sa wando."

"Ƙwaurin ma haka suke sa shi?"

"Ke ba ki san harkar ba."

"Na dai san keken ubana ne."

Washegari ya koma koyon tsayuwa. Ya hau keke a gindin bishiya, ya kama reshe da hannu ɗaya, ya kira mu mu zama shaida.

"Kun gani? Ko motsi."

"Saki reshen," in ji Mai Shayi.

"Ba riƙe shi na yi ba, dafawa ce."

"To daina dafawar."

Ya daina. Bai faɗi nan take ba, sai da ya yi tunani tukuna, sannan ya tafi gaba ɗaya ya kwanta a kan bokitin ruwan askinsa. Ya tashi yana ɗiga ya ce ƙasar wurin ce ba ta daidaita ba. Da ya zo koyon tafiya da baya kuwa, kamu ɗaya ya yi ya tarar da teburin Mai Shayi. Gwangwanayen madara suka watse kowanne ya kama gabansa, shi kuma ya zauna daram a kan burodi.

"Ka ce da baya za ka tafi," in ji Mai Shayi, "ba ka ce a kan jarina za ka sauka ba."

"Amma ka ga na yi bayan ko ban yi ba?"

"Burodin nan ma ya gani."

Duk wannan bai sa ya zargi kansa ba. Ya sake aron waya ya duba, ya gano laifin: samarin nan ƙafafunsu a ɗaure suke da feda, shi ya sa ba sa zamewa. Ya kira Shumeka, mai gyaran takalmin layinmu. Shumeka ya ce zai yi masa maɗauri na fata da zai riƙa zura ƙafa yana zarewa. Ba-Wuya ya ce abin da ake zarewa ai yana iya zarewa da kansa, shi takalmin nasa yake so a ɗinke da fedar. Shumeka ya dube shi, ya dubi keken, ya ce aikinsa ɗinki ne ba nasiha ba.

Ranar da aka kawo aikin ni ne a kan kujera. Ya aske mini rabin kai tas, ɗaya rabin bai taɓa ba, sai ga Shumeka ya turo keke da kambas biyu a ɗinke a kan feda da zare da waya. Ba-Wuya ya ajiye injin aski ya ce in ba shi minti ɗaya. Ya jingina keken da bishiya, ya haye, ya zura ƙafafu. Ya sa Shumeka ya ja igiyar takalmin iya ƙarfinsa, ya zagayo da ita ta ƙarƙashin feda, ya ƙulle, ya yanke bakin ya ƙona da ashana.

Ashanar ba ta mutu ba muka ji ƙwas, ƙwas. Baba ne tafe a kan sanduna biyu, ƙafa a miƙe cikin siminti, 'yarsa na biye da shi da fuskar wadda ta yi magana ba a ji ba. Ba-Wuya ya fizge ƙyallen da ke wuyana ya yafa a kan hannun keke, ya rufe gurbin birki har zuwa gwiwoyinsa. Shumeka ya ɗauki akwatinsa, ban ga ta inda ya bi ba.

"Asibiti sun ce in zo yau a cire simintin," in ji Baba. "Na ce da ita ba mota zan shiga ba, a kan kekena za ni. Na ga har ka hau, ka kyauta. Ina madigadi?"

"Na wanke, yana shanya."

"Ƙarfen kake shanyawa?"

"Don tsatsa, Baba. Amma da dai an nemi mota, saboda ƙafar."

"Me ya sa? Akwai wuya ne?"

Duk muka kasa kunne. Ya ce "da wuya" kawai ya tsira, amma magana ce da bai taɓa furtawa ba tun da aka haife shi. Matarsa ta zuba masa ido tana girgiza kai.

"Ba wuya, Baba."

Baba ya hau kariya, ƙafar simintin ta miƙe gefe guda, ya gitta sandunan a cinyarsa suka leƙo dama da hagu. Ya dafa aljihun gaban rigarsa ya ce makulli na nan, suna fitowa daga asibiti za a yi abin da aka ce. Sannan ya umarci 'yarsa ta tura su. Ta tura, don ba ta taɓa yi masa musu ba. Layinmu gangare ne har zuwa ɗan shataletalen da asibitin ke bakinsa. Na bi su da gudu da rabin kai, domin ba zan yarda a bar ni haka ba.

Kafin in isa sun riga sun wuce ƙofar asibiti. Na haye tsakiyar shataletalen na tsaya. Wurin ƙarami ne, kuma kunnen Baba ya yi nauyi, da ƙarfi suke magana, don haka babu abin da ya wuce ni.

"Ka wuce," in ji Baba.

"Na ga kamar akwai layi, mu zaga mu dawo."

Suka zago.

"Ka sake wucewa."

"An ce iska tana ƙara wa ƙashi ƙwari."

Suka zago.

"Yanzu kuma fa?"

"Inuwa nake nema in tsaya, kada rana ta taɓa simintin."

Gaskiyar magana ita ce, duk lokacin da ya yi ƙoƙarin rage gudu sai feda ta ɗaga shi daga sirdi, keken ya fara layi, simintin Baba ya kusa shafar kwalta. In kuwa ya tsaya, babu ƙafar da zai sauke. Su biyun za su zube a kan karayar, makulli kuma ya yi fiffike. Don haka ya ci gaba da takawa yana murmushi, gumi na shiga masa baki.

Matarsa ta iso tana haki ta tsaya a bakin hanya. Rigimarsu ranar a gutsure aka yi ta, domin kowa sai ya jira keke ya zago kafin ya ƙarasa maganarsa.

"Kai, ka sauke mini…"

Ya wuce. Ya dawo.

"…uba, na ce."

"Hira muke yi, ke kuma…"

Ya wuce. Ya dawo.

"…ba a shiga maganar manya."

Baba dai ya fara shakka. Ya ce, "Daina takawa kaɗan, ina so in ji kukansa. Na yi kewar kukan nan."

"Ya daina kuka, Baba, na sa masa mai."

"Keken nan yana wannan kukan tun kafin a haifi matarka. Mai bai taɓa hana shi ba."

Kafin Ba-Wuya ya samo wata ƙaryar, wata babbar mota ta wuce, iskarta ta ɗauke ƙyallen ta kai shi kan wayar wuta. Baba ya leƙo ta gefen kafaɗar surukinsa. Ya ga hannun keke tsirara. Ya sunkuya ya ga takalma a ɗinke. Ya waiga ya ga dunƙulen walda a tayar baya. Sannan ya ɗago kai.

"Ina birkin?"

"Yana gida, lafiyarsa ƙalau."

"Da me kake tsayawa?"

"Da ƙafa ake yi, Baba. Na zamani ne."

"To tsaya."

"Ban kai nan a karatun ba."

Zuwa lokacin layinmu duka ya gangaro, har da mutanen da ban taɓa gani ba. Mai Shayi ya ce a bar masa, ya yi tsaye ya buɗe hannu zai cafke su ta dama. Sandar Baba ta same shi a ciki ta zaunar da shi. Mai Walda ya gwada ta hagu, simintin ya gaisa da haƙarƙarinsa. Ya tashi yana riƙe da gefe ya ce aikin inji ne, ya ruga ya ɗauko abin yankan ƙarfe, sai dai wayarsa ba ta kai ko rabin layi ba. Ya tsaya daga can yana kira, wai in za su biyo ta gaban shagonsa zai yanke sarƙar suna wucewa.

Nas ta fito daga asibiti riƙe da kati tana kiran Baba. Aka nuna mata shi yana wucewa. Ta ce ita ba ruwanta, mai cire siminti ya kusa tashi, kuma ba a shiga wurinsa sai an auna mutum. Da suka zago ta soka wa Baba ma'aunin zafi a baki, da suka sake zagowa ta zare, ta duba ta ce lafiya lau. Awon jini ne ya gagara, don ta naɗa masa abin a hannu amma ta kasa bin su da famfon. Mai Shayi, da ya dawo hayyacinsa, ya miƙa wa Baba kofi a wucewa. Baba ya karɓa ya sha, ya mayar da kofin a zagaye na gaba, ya ce sukari ya yi yawa.

Motoci suka gaji da hon suka koyi bi ta gefe. Masu talla suka sauke kaya. Wasu suka kawo benci. Wani ya tambaye ni ko ni ma cikin wasan nake, saboda kaina. Nan raina ya ɓaci, na tari Ba-Wuya da ya zago.

"Malam, kaina fa?"

"Sabon yayi ne, bar shi haka."

"Yayin gidanku."

"Za ka ga gobe kowa ya…"

Ya wuce, sauran maganar ta tafi da shi.

Dariya dai ake yi, amma abin ya fara wuce wasa. Ƙafafun Ba-Wuya sun soma gajiya, keken na yin layi a kowace kwana, Baba kuma ya riƙe rigar surukinsa da hannu biyu. Matar Ba-Wuya ce ta fara lura. Ta sa aka ɗauko katifarsu daga gida aka shimfiɗa a bakin hanya. Sannan ta dubi Mai Walda ta dube ni.

"Ku biyun tsayinku ɗaya. Kai tsaya nan, kai kuma nan, ku bar hanyar keke a tsakaninku. Baba, ka rungume sandunan a ƙirjinka, kada ka saki."

Ta faɗa masa a zagaye ɗaya, ta maimaita a na biyu saboda kunne. A na uku keken ya ratsa tsakaninmu, ni na cafke bakin sanda ta nan, Mai Walda ya cafke ta can. Keke ya fice daga ƙarƙashin Baba, ya bar shi a rataye tsakaninmu yana lilo, ƙafa a miƙe. Muka sauke shi a hankali a kan benci. Jama'a suka ɗauki tafi. Baba bai dubi kowa ba, idonsa na kan keken.

Yanzu saura Ba-Wuya, kuma nasa mai sauƙi ne. Matarsa ta nuna masa katifa ta ce ya rage gudu ya kwanta a kai. Baba da kansa ya ɗaga murya.

"Ka faɗa kan katifar. Abin da aka cire ana iya mayarwa. In keken ya fita lafiya, maganar shago tana nan."

Kowa ya ji, shi ma ya ji. Na ga ya dubi katifar, ya karkato kan keke wajenta. Sai kuma ya ɗaga ido ya ga jama'a. Tun da yake bai taɓa tara mutane haka ba, har a kan katanga da rufin motoci, kuma duk shi suke kallo. Ga keken ya yi sauƙi tun da aka sauke Baba. Na ga lokacin da abin ya shiga kansa, na ce a raina shi ke nan, mai hali ba ya fasa halinsa.

"Jama'a, ku buɗe ido," ya ce.

Ya wuce katifar. Daidai ƙofar asibiti ya miƙe daga sirdi, ya kwanta a kan hannun keke, ya sandare ƙafafunsa. Tayar baya ta ja ƙii, ta juyo da shi ya ba ƙofar baya, keken ya tsaya.

Duk haushinsa da nake ji, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya tsaya. Babu reshe, babu bango, ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, keke cak kamar an dasa shi. Shi kansa ya fi kowa mamaki. Da ya bar shi haka wani ya zo ya riƙe shi, da yau wani labarin nake ba ku. Amma sai ya saki hannu ɗaya ya ɗaga sama.

"Wa ya ce ba zan…"

Ƙafar da ta gaji ta danne feda ta baya. Keken ya karɓi umarni. Ƙofar asibitin kuwa tana da gangaren siminti da aka yi don masu keken marasa lafiya, ya miƙe tun daga titi har cikin baranda. Ba-Wuya ya bi shi da baya, hannu a sama, yana kallonmu muna kallonsa yana ƙanƙancewa. Masu jiran likita suka ɗaga ƙafafu a jere ya wuce. Wata tsohuwa ta yi masa sannu. Ya shige ta labulen ƙarshe, sai muka ji ƙara, irin ta kwanukan ƙarfe masu yawa da suka haɗu da ƙasa a lokaci ɗaya. Bayan komai ya lafa, wani faranti ya ci gaba da juyi shi kaɗai kafin ya kwanta.

Nas ta duba katin hannunta ta ce ai ɗakin da ake nema ke nan, sai dai ba shi aka kira ba.

Da almakashi aka yanke igiyar aka zaro ƙafafunsa, takalman suka zauna a kan feda. A gado ɗaya ana yanke simintin Baba, a na kusa da shi ana naɗa wa Ba-Wuya nasa. Mu da ke leƙe ta taga muna jin sa yana gaya wa mai naɗin cewa ba haka ake yi ba.

Aka fito da keken aka jingina a baranda. Tayar baya ta lanƙwashe, kariya ta naɗe, fitila ta fashe, fentin da Baba ya yi shekaru yana lallaɓawa ya kwaile har ƙarfe ya fito. Baba ya fito yana ɗingishi ya tsaya a kansa. Ya daɗe a tsaye. Ya sa hannun rigarsa ya goge wurin da ya kwaile, kamar gogewar za ta mayar da shi. Nan dariya ta ɗauke mana, ni dai tausayin tsohon ya kama ni har na manta da kaina.

Bai yarda kowa ya taɓa ba. Shi ya kama keken ya tura, a hankali, ya nufi gida. Tunda a liƙe yake, taya na juyawa feda na juyawa, kambas ɗin nan biyu suna ta taka keke babu kowa a cikinsu. Muka bi shi a baya. Ba-Wuya kuwa a baron Mai Walda aka ɗora shi, matarsa na turawa, shi yana ba mutanen gefen hanya labari.

"Kun dai ga tsayuwar. Bayan ma kun gani. Wa ya taɓa shiga asibiti da baya a garin nan?"

"Rufe mana baki," in ji matarsa.

A ƙofar gida Baba ya jingina keken, ya sa hannu a aljihu ya zaro makulli. Ba-Wuya ya miƙe zaune a cikin baro. Baba ya buɗe shagon, ƙofar ƙarfen ta yi ƙara, haske ya shiga ya nuna farin bango da fanka.

"Kin gani?" Ba-Wuya ya ce da matarsa ƙasa-ƙasa. "Tsayuwar ce ta burge shi. Can zan sa madubi, kujera nan, benci kuma ta wajen taga."

Baba ya tura keken ciki har tsakiyar ɗaki. Ya gyara masa tsayuwa, ya cire hularsa ya kaɗe ƙurar sirdi, ya kunna fanka. Sannan ya fito ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya ja shi sau biyu ya tabbatar.

Ba-Wuya ya miƙa hannu. "Baba, makullin fa?"

"Shago ya yi mai shi," in ji Baba. "Jinya zai yi, kuma ba ya son baƙi."

Ya mayar da makullin aljihu ya shige gida. Hannun Ba-Wuya na nan a miƙe har matarsa ta juya baron ya fuskanci gindin bishiya.